Yadda Klin na leda ya ci kasuwar Omo, amma har yau omo muke cewa

Jiya da yamma ina zaune a shagon ƙanina sai ga wata yarinya da bata wuce shekara bakwai ba da kuɗi a dunƙule a hannu, tace wai inji mamanta a bata omo. Yace wanne? Tace Viva. Ya miƙa hannu sama ya tsinko ɗaya daga jeren dake rataye ya bata ta juya ta tafi, babu wanda yaga abun mamaki a maganar sai ni, saboda shagon nan in zaka bincike shi tun daga bakin ƙofa har ƙurya bazaka samu Omo ko ƙwaya ɗaya ba, amma kullum ta Allah sai an siyar da omo sau ba adadi.

A shagon na taso. Na Babanmu ne, tun yana teburi a ƙofar gida a Kurna kafin a fasa ɗakin zaure a maida shi shago, daga baya kuma Allah ya kaini na karanta kemistiri, toh abun da zan faɗa rabi a gaban idona akayi shi, rabi kuma sai da na shiga aji na gane dalilinsa.

Da farko dai Omo sunan kaya ne na kamfanin Unilever, wanda iyayenmu suka sani da Lever Brothers, tun 1923 suke ƙasar nan. Lokacin da muke yara garin wanki iri biyu aka sani, Omo da kuma Elephant na PZ wanda mata ke cewa mai giwa, dukkansu shuɗaye ne kuma a kwali suke zuwa. Har ya zama a kan mutane in gari ba shuɗi bane toh ba na wanki bane. Kuma suna da hujja, dan tun kafin omo an saba da bula, a wanke farin kaya a tsoma shi a ruwan bula a shanya ya fito fes.

Matsalar kwali ita ce an yi shi ne dan mai albashi, wanda zai shiga kanti ƙarshen wata ya ɗauki na wata guda. Daga 1986 da aka shigo da SAP, tsarin nan na tsuke tattalin arziki, zamanin Babangida naira ta fara gangara, zuwa lokacin Abacha shi kansa mai albashin ya koma cefanen kullum, balle ɗan dako da mai facin taya da matar da miji ya bar mata kuɗin cefane a ƙirge. Mutum yana buƙatar abun da zai wanke kala biyu yau, gobe kuma Allah na nan. Toh su Baba ne suka cike wannan gurbin. A fasa kwali, ko a siyo na buhu a kasuwar Singa wanda ko suna babu a jikinsa, a zuba a roba a dinga aunawa da cokali ana ƙullawa a farar leda. Aikina kenan in an taso Islamiyya, ƙullin sikari, ƙullin gishiri, ƙullin madara, sai omo a ƙarshe saboda kar warinsa ya kama sauran. Wallahi har yau ina tuna atishawar da nake yi da yadda gefen farcena ke tsagewa lokacin sanyi, in na saka hannu a miya sai naji kamar an zuba min barkono. In damina ta shigo kuma garin ya sha iska ya dunƙule kamar dutse sai mun sa muciya mun farfasa. Ita kuma mai siya bata san me aka ƙulla mata ba, Baba dai yace omo ne, in ta kai gida bai yi kumfa ba yaron da ta aiko zai dawo da saƙo mai zafi, wai inji Umma wannan omon naku gari ne ko gishiri.

Kaga kenan manyan kamfanonin sun yi kaya sun kawo har Kano, amma matakin ƙarshe, wato raba shi daidai aljihun mai siya, sun bar wa mai teburi da ɗansa.

A tsakiyar shekarun 1990 So Klin ya shigo. Kayan kamfanin Wings ne na ƙasar Indunusiya, wanda ya fara da ɗan sabulun wanki a garin Surabaya a 1948, a nan Najeriya kuma Eko Supreme ne ke riƙe da shi. Ƙasar da Indomie ta fito kenan, kuma ba banza ba, mutanen can sun saba da irin kasuwarmu, jama'a da yawa, kuɗi kaɗan kaɗan, ƙananan shaguna a kowane lungu. Abun da suka kawo shine ƙullin nan namu amma inji ne ya ƙulla, ƴar leda mai sheƙi an manne bakinta, da suna a jiki, an jera su a haɗe kamar carbi. Garin ciki kuma fari tas.

Farin nan da farko shi ya so ya kashe musu kasuwa a unguwarmu. Matan gida suka ƙi, wasu sukace zai ci kaya, wasu sukace wannan ai na wanke bayi ne. Kwalin farko da Baba ya saro ya daɗe a rataye har ƙura ta hau. Waɗanda suka fara ɗauka samari ne marasa aure da ƴan makarantar kwana, su babu ruwansu da kala, sun ga abu mai arha da zai shiga aljihu ko a cusa a lungun akwati bai zube ba. Su suka gano in ka jiƙa farar riga da safa da daddare, da safe ɗan cuɗawa kaɗan zakayi. Yaro ya dawo hutu uwa taga yunifom ɗinsa tace da me kake wanki, shikenan labari ya shiga cikin gida, kuma in abu ya shiga bakin mata a gidan suna da gidan biki ai talla ta ƙare.

Bara in ɗan tsaya akan abun dake cikin garin, dan a nan mutane ke ruɗewa. Ruwa da maiƙo basa ga maciji, kuma yawancin dattin jikin kaya maiƙo ne ke riƙe da shi, na jiki da zufa da man shafawa da na miya, ƙura ta zo ta manne akai. Babban sinadarin omo dillali ne tsakaninsu. Ƙwayarsa tana da kai da wutsiya, kan yana son ruwa, wutsiyar tana gudun ruwa tana son mai. In ka zuba a bokiti sai wutsiyoyin su nutse cikin maiƙon, kawunan suna waje, su yi masa ƙawanya, kai kuma da ka cuɗa sai ya ɓalle daga zaren ya zama ƙananan ɗigo suna yawo a ruwa, ɗauraya ta tafi dasu. Wanda akafi amfani dashi ana ce masa LAS, daga kananzir da benzin ake haɗo asalinsa. Duk macen da ta taɓa zuwa koyon sabulun ruwa ta san shi ko bata san sunan ba, shine salfonik ɗin nan mai kauri kalar zuma da ake siyowa a Sabon Gari a kashe kaifinsa da kostik soda.

Sabulu ma dillalin ne, amma yana da rauni ɗaya. Ruwan rijiya da na burtsatse da ƴan garuwa ke kawo mana sau da yawa yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam, su kuma da sun haɗu da sabulu sai su kama shi ya zama wannan gudaji gudajin dake tasowa saman ruwa yana mannewa a bakin baho, sabulu ya ƙare kumfa bata tashi ba, farin kaya ya dinga komawa ruwan toka. LAS ya fi jure wannan, kuma an haɗa shi da ƴan rakiya. Na farko soda ash, wato sodiyam kabonet, ɗan uwan kanwa ne na jini, dan kanwar da muke sawa a miyar kuka shima akwai shi a ciki. Yana kwantar da kalsiyam ɗin ya kuma ƙara wa ruwan kaifi maiƙo ya saki da wuri. Kakanninmu da suke wanki da ruwan toka da sabulun salo wannan ilimin suke aiki dashi ba tare da allo ba. Kuma shine yake cin hannu, dan bai san bambancin maiƙon riga da na fatarka ba, shi yasa raina ke ɓaci in naga ana yiwa yaro wanka da omo ko a wanke masa kai dashi wai dan ƙwarƙwata. Akwai fosfet ko ziyolait da suma aikinsu riƙe kalsiyam ne, akwai CMC dake hana dattin da ya fita komawa jikin kaya, sai kuma sodiyam salfet wanda shi baya wanke komai, ciko ne, yana sa garin ya zuba warawara ya kuma cika leda. In kaji ance omon nan bashi da ƙarfi sai an zuba da yawa, yawanci ciko ne yayi yawa.

Toh ina shuɗin? Shuɗin dabarar ido ce. Farin yadi in ya tsufa yana komawa rawaya rawaya, ɗan shuɗi yana kashe rawayar ido yaga fari. Farin gari kuma yana da wani sinadari da yake manne wa zare, yana shan hasken rana wanda ido baya gani ya maido shi a matsayin haske mai shuɗi shuɗi, shi yasa farar riga take ɗaukar ido a rana kamar an kunna mata fitila. Bula ce dai ta zamani, sai dai ita bata rage haske, ƙarawa takeyi. Masu tsadar kuma irin Ariel suna zuwa da enzayim, wasu sinadarai da ake samowa daga ƙwayoyin bakteriya, wani yana yanka tabon jini da ƙwai da dattin wuyan riga, wani na sitaci, wani na mai. Su lokaci suke so, jiƙon nan na ƴan makaranta shine daidai. Tafasasshen ruwa yana kashe su, haka in ka antaya Hypo ko Jik a cikin jiƙon ka kashe su, ka biya kuɗin abun da baka mora ba. Kuma tunda ulu da siliki suma furotin ne kamar jini da ƙwai enzayim ɗin baya barinsu. Shadda mai tsada ma duk mai wanki da guga da ya san aikinsa baya jiƙa ta a omo, sabulu yake sa mata sama sama a kai wa masu bugu, in ba haka ba maiƙon nan da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Kumfa kuwa, gaskiyar magana bata wanki. Injin wanki ma gari mara kumfa yake so. Amma je ka faɗa wa Hajiyarmu haka. Ita gwajinta ɗaya ne, ta zuba ta kaɗa hannu a baho, in kumfa ta taso har gwiwar hannu toh omo ne, in ta kwanta an cuce ta. Kamfanoni sun san da haka sarai, suna sa kumfa da ƙamshi dan su ne mai siya ke iya gani da shinshinawa tun kafin kaya su bushe. Kuma bazan ce Hajiya bata da gaskiya gaba ɗaya ba, dan a wankin hannu in kumfa ta mutu alama ce datti ya cinye sinadarin, lokacin canza ruwa yayi.

Abun da yasa na kawo duk wannan, babu ɗaya a ciki da Unilever basu sani ba. Suna da masana da ɗakunan gwaji a Ingila da Holan da suka fi ƙarfin a koya musu haɗa garin wanki. A ganina Klin bai fi su ilimin sinadari ba, ya fi su sanin teburin Baba ne. Duba yadda ledar take. An yanka ta daidai takardar kuɗi, na biyar, na goma, yaro ya miƙa goma a bashi ɗaya babu rigimar canji babu a ƙara min. A rufe take, damina bata shiga, ɓera bai cika damunta ba, kuma mai shago bazai iya surka ta da komai ba, saboda haka matar dake cikin gida wadda bata fita ta samu abun da zata aiki yaro ta san me zai kawo. Shi kuma mai shago an ɗauke masa wahalar ƙulli da asarar zubewa, ya san guda nawa ne a kwali ya san ribarsa tun a Singa kafin ya hau mota. Sannan rataye ta ake a bakin shago tana lilo kamar labule, duk mai wucewa ya gani, kwalin Omo kuwa yana can saman kanta a bayan gwangwanayen madara. Baba da kansa, wanda da farko yace wannan kayan yara ne, shi ya koma yana aikena in buga ƙusa a jikin ƙyaure dan a ƙara wajen ratayewa, ni kuwa nafi kowa murna dan an sallameni daga ƙullin omo.

Su Omo sun farka amma a makare. Suka koma fari suma, suka fito da ƙananan leda, suka turo Sunlight a matsayin mai sauƙin kuɗi, Ariel na P&G ya shigo da tallan cire tabo ya kama masu ɗan hali. Sai dai ƙofar da Klin ya buɗe bata rufu ba, kowa ya gane hanyar. Eko Supreme ɗin suka ƙaro Good Mama, aka samu Waw daga Ibadan wanda Henkel na Jamus suka sayi kaso mafi girma na kamfaninsa a 2016, sannan Viva na Aspira, na rukunin kamfanonin Lee, da masana'antarsu ke nan Kano a titin Haɗeja. A shagonmu dai abun da Klin yayi wa Omo shi Viva yayi wa Klin, kuma ba abun mamaki bane, kayan da aka yi a bayan gari ba sai tirela ta taso daga Legas ta kwana biyu a hanya ba, dila a Singa yau yace ya ƙare gobe an sauke masa, daga nan ƴan sari su wuce dashi ƙauyuka har Maraɗi.

Kar kuma a ɗauka ledar nan sadaka ce. In ka tara ƙananan da zasu cika kilo ɗaya ka lissafa kuɗinsu, yawanci sun fi babbar leda ta kilon tsada, wato mara shi ne yake biya da yawa, kawai dai a rarrabe yake biya baya ji. Na taɓa yiwa wata ƴar uwarmu wannan lissafin da biro da takarda, ta saurareni tsaf sannan tace toh Malam naji, ranta min kuɗin babbar. Nayi shiru. Kuma tunda farashin a ɗaure yake da takardar kuɗi, in kaya sun tashi ba'a cika taɓa kuɗin ba, cikin ake ragewa, ledar tana nan da faɗinta amma in ka matsa rabi iska ce, sai abun ya ci tura sannan a tsallaka takarda ta gaba, haka na goma ya zama na ashirin ya zama na hamsin har muka wuce ɗari. Ledar kanta kuma leƙa kwatar unguwarku bayan ruwan farko ka ƙirga kala nawa zaka gani, haɗin roba ne hawa hawa wanda ko ƴan gwangwan da ƴan jari bola basa ɗauka.

A watan Maris na 2023 Unilever Najeriya suka sanar zasu fita daga harkar kayan wanki da sabulun wanka, abun da ya shafi Omo da Sunlight da Lux, shekara ɗari cif da zuwansu, kuma cikin dalilan da suka bayar harda faɗuwar naira da wahalar samun dala. A Disambar shekarar P&G suma sukace sun daina sarrafa kaya a nan sai dai su dinga shigowa dashi. Dalar ta shigo maganar ne saboda yawancin abun dake cikin ledar daga waje ake siyo shi, enzayim, turare, sinadarin haske, harda asalin LAS ɗin. Abun takaicin shine a matatar mai ta Kaduna akwai sashen da aka gina musamman dan yin LAB, wato uwar LAS, aka buɗe shi a 1988 da ƙarfin tan 30,000 a shekara, daga kananzir ɗinmu, amma matatar ta shafe shekaru a kwance. Mai yin garin wanki a Kano, tafiyar awa uku da Kaduna, sai ya nemi dala ya jira jirgin ruwa a Legas.

Sati biyu da suka wuce matar ƙanin nawa ta kusa haihuwa aka basu takardar kayan da zasu kai asibiti, ya miƙo min in karanta masa dan rubutun nas ɗin sai a hankali. Safar hannu, auduga, leda, Jik, Dettol, sai na shida an rubuta Omo babba guda ɗaya. Ya tashi ya shiga shago ya ɗauko Viva na kilo ya saka a jakar.